Bokitin Baba Chollom

Zuwa ga Anti Dina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kin dawo daga aiki lafiya. Tunda ba ma haɗuwa, na bar miki wannan a jikin firji.

Yau ma Baba ya jefa bokiti ta taga. Gara ki ji daga bakina kafin mai gidan hayar nan ya tare ki. Ba rigima yake ba. Na lura sai ya sa hula, ya gyara wuyan riga, ya leƙa titi ya ce, "Mata, ku matso! Tulu zai iya haka?" sannan ya saki. Ya ce haka yake yi a kasuwar Gusau, lokacin yana shugaban masu tallar kayan roba na wani kamfani a Kano: ya hau kan mota ya wurgo bokiti, ya ƙi fashewa, mata su yi caa. Yanzu ma in ya gama jifan, har tuwo yake nema.

Naki,
Tamimu mai kula da Baba

Tamimu,

Sannu da ƙoƙari. Labarin Gusau tun ina goye nake jin sa. Amma a Gusau ba daga hawa na biyar yake jefawa ba. Mai gida ya ce in an sake, mu tattara. Na sa sunan Baba a gidan tsofaffi. Ka kulle tagar nan.

Dina

Anti Dina,

Barka da dawowa. Na kulle, sai ya daina cin abinci. Shi ne na sauko da shi bakin babban titin Concourse da bokitinsa, ya yi tallarsa a ƙasa. Mutane sun tsaya. Ya ɗaga ya maka da ƙasa. Anti, ashe sanyin garin Turawan nan yana busar da roba. Bokitin ya dare gida biyu. Hajiya Fusena mai abinci ta yi dariya ta ce, "Baba, jabu ka kawo mana!" Wasa take.

Baba ya kalli bokitin da ya dare, ya ce, "Tamimu, duk garuruwan nan ƙarya na sayar musu?" Tun daga nan bai kalli taga ba. Don Allah kada a kai shi yanzu.

Ki huta lafiya,
Tamimu

Tamimu,

Mai gida ya tare ni yana murna, wai an samu lafiya. Da na shiga, Baba bai gane ni ba, ya miƙe ya tambaye ni ko kaya na zo mayarwa, ya ce in yi haƙuri.

Gidan tsofaffi sun kira, gado ya samu. Ban karɓa ba tukuna. Ka zo da wuri gobe, zan jira ka mu yi shawara.

Dina