Kwanon 'Yarki Yana Dawowa Ba Saura

Zuwa ga Inna, a makwancinki na Kurfi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da roƙon Allah ya ƙara miki haske a inda kike, ni ce Hajara.

Da hannuna nake rubuta wannan takarda, ba wanda ya riƙe mini biro. Kin bar duniya ina ajin farko a makarantar manya, kina mini dariya wai da furfura a kaina zan je in zauna a benci. To na zauna, Inna, kuma na iya. Malamarmu ta ce idan na gama za ta sa takardar a waya don matan da ke jinya irin tawa su karanta. Na amince, ko da yake ban san idanun da za su hau kanta ba, kuma wannan ma yana damuna.

'Yarki ba ta da lafiya. Ciwon daji ne a mama. An yi mata aiki, yanzu ana ƙara mata ruwan magani duk bayan sati uku a babban asibiti a Katsina. Mijinta ya yarda ta baro Karofi ta dawo gidanmu a Dutsin-Ma, saboda nan ya fi kusa da tashar mota.

Na ce 'yarki don haka kika raine ni in ce. Ita ce ta fari a wurina. Ranar da aka yaye ta kika goya ta kika hau mota zuwa Kurfi, ni kuwa ina tsakar gida ina daka, ban ko ɗaga kai ba, mata suna yabona wai na san kunya. Idan kin kawo ta hutun salla kika kama ni ina satar kallonta, sai ki ce, “Kauda idonki, ba taki ba ce.” Ta tashi tana kiranki Inna, ni tana ce mini Yaya. Yau tana da 'ya'ya uku, amma ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa zama inda take cin abinci ba.

To ga ta a ɗakin da ke kallon nawa, ke kuma babu ke.

Ruwan maganin nan yana da ƙarfi. Kwana uku na farko bayan an sa mata, ko ƙamshin man da ake soyawa a maƙwabta sai ya tayar mata da zuciya. Gashinta ya zube, ta daina cire ɗankwali. Nas ta gaya mini abinci shi ne rabin maganin, kuma kafin kowane ƙarin ruwa sai an auna jininta an ɗora ta a sikeli. Idan jiki ya yi ƙasa da yawa, ba za a sa mata ba.

Sai na duƙufa. Kunun gyada da safe, faten dankali da rana, farfesun kaza, alala da ƙwai, tuwo mai laushi da miyar kuka wadda ta ji daddawa kamar yadda kike yi mata. Ruwan shanta tafasa shi nake yi. Ko rubutun da Malam maigidana ke yi mata, ni nake wanke allon da ruwan da na tafasa. In na zuba abincin sai in miƙa wa Lami, matar ƙanen Malam da muke gida ɗaya, ta shigar mata. Ni kuma in tsaya daga bakin ƙofa in tambayi labule ko an tashi lafiya, labule ya amsa mini da “Lafiya lau, Yaya.”

Kullum kwanon yana dawowa ba saura. Wani lokaci har a suɗe. Ina wanke shi ina godiya ga Allah.

A zuwanmu na uku nas ta miƙo mini katinta in riƙe. Da a da ne, da na cusa shi a jaka kawai. Amma yanzu ido na ganin rubutu sai ya karanta. Na ga inda ake rubuta nauyinta, layi uku, kowanne ƙasa da na samansa. Nas ta tambaye ni ko tana cin abinci. Na rantse mata da Allah tana ci, ni nake wanke kwanon. Ta dube ni, ta dubi 'yarki. Ranar ba a sa mata ruwan ba. Likita ya ce jini ya yi ƙasa, mu koma gida mu dawo bayan kwana goma, kuma ya ce ciwon nan ba ya son ana ɗaga masa ƙafa.

A motar dawowa na zauna a baya ina kallon ƙeyarta. Mutum yana cinye kwano uku a rana yana ramewa, to ina abincin yake zuwa? Ko kuwa me ake ba ta a bayan idona da ke cinye shi?

Wadda na fara zargi ita ce Hajiya Kulu, uwar mijinta. Kin san ta. Duk Juma'a sai ta hau mashin daga Karofi, hijabinta a kumbure ta gefe ɗaya. Tun farko ta ce maganin asibiti ƙona mutum yake yi, ita tana da wani mai saiwoyi da ya warkar da mata da yawa. Na gaya mata nas ta hana a haɗa da jiƙo sai likita ya gani. Ta ce to, amma irin “to” ɗin da ake yi da hanci. Rannan da 'yarki ta shiga wanka na faɗa ɗakin kamar ɓarauniya, na leƙa ƙarƙashin gado. Ga gora nan biyu, ruwan ciki baƙi wuluk. Amma da na ɗaga su sai na ga a cike suke har wuya, ko murfin ba a taɓa ba. Duk da haka na kwashe na zubar a gindin darbejiya, na yi kwana biyu ina zuwa duba ko ciyawar wurin ta mutu. Ba ta mutu ba. Hajiya Kulu dai ban wanke ta ba a raina.

Daga nan na koma kan Lami. Allah ya yafe mini, na fara ganin kamar kumatunta sun ciko. In ta fito da kwano sai in ja ta da hira don in ga ko akwai maiƙo a leɓenta. Na taɓa kama hannunta wai ina duba lallenta, alhali shinshinawa nake yi. Ta gane. Ta ce, “Gwaggo, in kina ganin ni nake cinyewa, ƙofar ai a buɗe take, ki shigar mata da kanki.” Na ji maganar kamar mari, na ɗauka rashin kunya ce kawai irin ta yaran yanzu. Muka kwana uku gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.

Na zargi sikelin asibiti. Na zargi mai sayar mana da gyada, har na canza wani. Na zargi masu zuwa dubiya, ina ƙirga takalmansu a bakin ƙofa ina tunanin wace ce a ciki ta zo da addu'a, wace ce ta zo ganin yadda ta koma don ta kai labari. Wata ta ce a bincika ko sammu ne, na kore ta da baki, amma da ta tafi maganar ta zauna mini. Malam ya ce in ji tsoron Allah, na mayar da gida kamar ofishin 'yan sanda. Har shi na duba da wani ido.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya, bayan an sauko daga masallaci, mata huɗu suka zo daga Kurfi, ƙawayenta na ƙuruciya, ga Hajiya Kulu ta biyar. Na zuba farfesu na ba Lami ta shigar. Sai na zaga bayan ɗakin kamar zan tsinko zogale, na tsaya a gindin taga. Laɓe na yi, Inna, ba zan ɓoye miki ba. Ina jiran in ji ƙarar murfin gora.

Muryar 'yarki na ji, a hankali, kamar mai magana da garwashi a baki.

“Don Allah ku sa hannu. Ku cinye duka, kada kwanon ya koma wa Yaya da saura.”

Ɗaya daga cikinsu ta ce ai naki ne, ke ce marar lafiya. Ta amsa cewa bakinta ya yi gyambo tun ƙarin ruwa na biyu, ko ruwa ta sha kamar ta haɗiyi reza, kuma warin daddawa yana juya mata ciki. Aka ce to ki gaya mata mana. Sai ta ce, “Ta yaya? Inna ta ce kwanon babba ba a mayar da shi da abinci. Kuma ni ban san yadda ake yi wa Yaya ƙorafi ba.”

Na ji cokula sun fara aiki. Wata har tana yaba hannuna.

Wata biyu ke nan ina ciyar da mutanen Kurfi da na Karofi da na unguwarmu. Ranar da ba baƙi, Lami ke juye wa yaranta, don 'yarki ta roƙe ta ta rufa mata asiri. Abin da Lami ta gaya mini a fili ke nan ban ji ba.

Inna, na zagaya da zargina kan kowa, ga shi ya zo ya tsaya a kanki da kaina. Ke kika koya mata kada ta mayar da kwano. Ke kika koya mini kada in zauna inda take ci. Kowacce ta riƙe nata da kyau, yarinya tana ƙarewa a tsakani. Ban ce kin yi da mugun nufi ba. Haka aka yi miki, haka kika ga ana yi. Lokacin da kike raye ba a ga illar ba, don ke kike shiga ɗakin.

Na yar da zogalen na zagayo. Na ɗaga labulen na shiga ba sallama. Hannaye suka tsaya a cikin kwano. Na wuce su na zauna a bakin katifarta, gwiwata tana taɓa tata. Ta yi sauri za ta sauka ƙasa, na riƙe ta. Hannunta a cikin nawa kamar kara.

Na ce, “Buɗe bakinki in gani.”

Ta sunkuyar da kai. Sai na kira sunanta. Ya fito mini a karkace, kamar kalmar da na koya jiya a aji. Ta ɗago ta dube ni, ta buɗe. Abin da na gani a harshenta da cikin kumatunta ba zan rubuta ba.

Hajiya Kulu ta gyara hijabi ta ce, “Ikon Allah. 'Yar fari, a gaban surukai. Abin da ake koya muku a makarantar ke nan?”

Na ce, “Shi ne, Hajiya. In kin tashi ki tafi da gorunanki, na wanke miki su.”

Washegari muka nuna wa nas bakin, ta yi mini faɗa sosai, ta ba da maganin kurkura. Ta ce a bar yaji da tsami da abu mai zafi, a bar daddawa tunda ba ta so, a riƙa ba ta kaɗan-kaɗan sau da yawa maimakon kwano a cike. Yanzu kunun gyada sai ya huce nake kai mata, a ƙaramin kofi. Ƙwai in dafa in murƙushe. Kankana in yanka ƙanana. Ta ce cokalin ƙarfe yana sa mata ɗanɗanon tsatsa, na sayo na roba. Ranar farko cokali uku ta sha, ta ce ta gaji. Na ce na gani da idona, ya fi mini kwano goma da ban gani ba.

Baƙi kuma ruwa nake ba su a tsakar gida, su gaishe ta in ta gama ci. An ce na yi rowa. An ce boko ya cire mini kunya. Labarin ya riga ya kai Kurfi, na san da kina nan da ya same ki kafin la'asar. Lami na ba ta haƙuri, ta ce ba komai, amma har yanzu in ta wuce ni sai ta miƙo mini hannunta ta ce in shinshina.

Zargin bai sake ni ba. In 'yarki ta ce ta haɗiye, sai na ce ta buɗe baki. In ta shiga wanka ina ɗaga matashinta, ina leƙa bayan taga ko ta zubar. Jiya ta kama ni, ta yi dariya har bakin ya yi mata zafi, ta ce, “Yaya, ashe haka kike da naci?” Shekara talatin da wani abu, sai yanzu take sanin halina.

Mun koma asibiti ranar da aka ce. Nauyin bai ƙaru ba, amma bai ragu ba. Na ce wa nas ta sauke ta ta sake ɗorawa, ta harare ni ta sake. Jinin ya kai, an sa mata ruwan. Saura uku. Ban san abin da Allah zai yi ba, kuma duk wanda ya ce mini ya sani ba na yarda da shi.

Ki yafe mini, Inna, na karɓe 'yar da na ba ki. Ba zan ƙara kauda ido ba.

Allah ya jiƙanki, ya yalwata kabarinki, ya saka miki da Aljanna kan rainon da kika yi mana mu biyu. Allah ya ba ta lafiya, ya sa abin da take haɗiya da ƙyar ya zame mata jini da ƙarfi. Allah ya yafe mini mutanen da na zarga ba su ji ba su gani ba. Duk matar da ke tsaye a bakin ƙofa tana jiran kwano ya fito, Allah ya ba ta ƙarfin ɗaga labule.

Kunun ya huce, zan kai mata.

Taki,
Hajara, uwar Zulai.