Haɗin Anti Jummai

Laraba, 2 ga Yuli, 2025

Albashi ya shigo. Da na dawo daga asibiti na zazzage jakar kayan kwalliyata a kan gado don in ga abin da ya ƙare. Tir. Jan bakin da na saya a tiren bakin titi a Gyadi-Gyadi ya narke, yana warin man da aka daɗe ana soya kifi a cikinsa. Soson hoda ya yi baƙi ƙirin da maiƙo. Abin da nake gogawa a fuskata kullum ke nan, ni da nake yi wa majinyata faɗan tsabta. Na kwashe fiye da rabi na watsa a shara.

Na yanke wa kaina doka. Duk abin da ruwa zai wanke da yamma, mai arha zan saya: kwalli, jagira, sabulun wanka, na Kasuwar Tarauni sun wadatar. Abin da zai kwana a fatata kuwa sai mai kyau, ko da tsada. Tabon ƙurajen da takunkumi ya bar min a haɓa da kumatu ya ishe ni. Ga bikin Basira da Ibrahim yana tafe a watan Oktoba, kuma ni ce babbar ƙawa. Ba zan tsaya gefen amarya da fuska kamar bayan tukunya ba.

Juma'a, 4 ga Yuli

Na gaya wa Basira dokar tawa muna sauya kaya bayan aikin safe. Tun makarantar koyon jinya muke tare, yanzu kuma ɗakin tiyata na mata ɗaya, ba abin da nake ɓoye mata. Sai ta buɗe jaka ta fito da wata 'yar kwalba mai murfin ruwan gwal, da rubutun ƙasar waje a jiki.

"Zulaihat, ba bilicin ba ne wallahi. Gyaran fata ne, zalla itatuwa da madara. Dubi fuskata."

Na duba. Ta yi fes, ba ƙarya. Wata Anti Jummai ce a Unguwar Gano take shigo da shi, Basira tana taya ta sayarwa tana samun ɗan abin da take tara kayan kicin. Da ta faɗi kuɗin sai da na zauna. Amma ai na ce mai tsada nake so.

Litinin, 7 ga Yuli

Na saya. Wannan watan ba turare, ba sabon mayafi, kuma daga Darmanawa zuwa bakin titi da ƙafa zan riƙa takawa. Ƙamshinsa ya yi yawa, kamar ana son rufe wani abu da shi.

Lahadi, 20 ga Yuli

Tabon ya soma dusashewa. Ba tabon kaɗai ba ma.

Umma ta dube ni muna tsintar shinkafa ta ce, "Ke kuwa lafiyarki? Kin yi wani fayau." Na ce hutu ne. Wane hutu?

Alhamis, 31 ga Yuli

Mutane abin ƙyama ne. Mai gadin ƙofar ɗakinmu, shekara nawa ina wuce shi yana kallon sama, yau har da tashi tsaye, "Sista, barka da ƙarasowa." Wani ɗan'uwan majinyaciya ya tsallake Sista Zahra'u, wadda ta girme ni a aikin nesa ba kusa ba, ya zo wurina wai "wannan farar" yake nema ta duba masa ƙarin ruwa. Ni ce dai ta watan jiya. Hannun nan ne, ilimin nan ne.

Abin da ya fi ba ni haushi, da na shiga banɗaki sai na tsinci kaina ina murmushi a gaban madubi.

Talata, 12 ga Agusta

An kawo mana wata mata daga wani asibiti, an yi mata tiyatar haihuwa ɗinkin ya ƙi kamawa. Ni na yi mata wankin ciwon. Ban taɓa ganin fata irin tata ba, sirirya kamar ledar ruwa, jijiyoyi kore shar a fili, zaren ɗinkin ya yanka ta ya fito ta gefe. Gaɓoɓin yatsunta baƙaƙe, sauran jikin kalar gwanda. Ga wani ƙarni da yake tashi daga jikinta, ba na ciwon ba ne, na fatar ne, ya gauraya da humra. Sai da na fita baranda na shaƙi iska.

Ba ta yi kuka ba. Tambayarta ɗaya, "Sista, yaushe zan ci gaba da shafa maina? Na fara dawowa baƙa."

Da na cire safar hannu na tsaya ina kallon yatsuna. Ba komai. Nawa ai na itatuwa ne.

Asabar, 16 ga Agusta

Ban san ta inda zan fara ba.

Basira ta ce in raka ta Unguwar Gano ta karɓo kaya. An yi ruwa da safe, lungun duk caɓi. Muka tarar Anti Jummai ba ta falo, sai muka bi muryarta har bayan gida. Da ma ban bi ba.

Bokitin fenti ne. Irin wanda ake wanke-wanke a ciki. Tana tsugune a gabansa kusa da makwararar ruwa, tana juya wani farin abu da muciya, in ya ƙi haɗuwa ta sa hannu har gwiwar hannu, da awarwaronta da komai. Gefenta tarin matsattsun mayukan maganin ƙaiƙayi, masu ƙarfin nan da likita ba ya yarda a shafa sai na 'yan kwanaki, ta matse su kaf a ciki. Ga wasu ƙananan kwalabe marasa suna. Ƙudaje suna sauka a bakin bokitin suna tashi. Kaza ta bi ta kan murafan da aka shanya. Murafan ruwan gwal ɗin nan. Kwalaben kuwa a buhu suke, rubutun ƙasar wajen a takarda daban, ana liƙawa da yawu in gam ya ƙi.

Ko kunya ba ta ji ba. "'Yata, ke ce Sistar? Kai, ya karɓe ki. In kin gama wannan akwai na gaba da shi."

Ban gaishe ta ba. Allah ya yafe min, babbar mace ce. A cikin adaidaita na ce wa Basira, "Kin san haka ake yin sa?" Ta ce ai kowa haka yake yi, har na manyan kantuna. Na ce na tambaye ki kin sani? Ta juya tana kallon titi. Na sauka tun kafin a kai mahaɗarmu, na ƙarasa da ƙafa cikin taɓo.

Na wanke fuskata har ta fara zafi, ban ji ta fita ba.

Lahadi, 17 ga Agusta

Na juye sauran man a masai. Ko a can sai da ya yi ta iyo ya ƙi tafiya.

Laraba, 27 ga Agusta

Fuskata ta tashi. Ja, zafi kamar an watsa min barkono, ƙananan ƙuraje masu ruwa tun daga goshi har wuya. Na san dalili, mun karanta shi a aji: fatar ta saba da maganin, an janye mata shi lokaci guda. Sanin bai rage min ƙaiƙayi ba. Ina aiki da takunkumi har ido, ina cewa mura nake.

Basira ta ajiye min wata kwalbar a kan teburin magani, wai in na ci gaba zai kwanta. Na ɗauka da safar hannu na mayar mata cikin jakarta a gaban kowa.

Mai arha ƙazanta, mai tsada ƙazanta a kwalba mai kyau. To ina mutum zai sa kuɗinsa?

Litinin, 1 ga Satumba

Na bi layin asibitin fata kamar kowa, da katina a hannu. Wata tsohuwa da na taɓa jinya ta gane ni, "Sista, ke ma?" Na so ƙasa ta tsage.

Dakta Ashiru bai yi min dariya ba, na gode masa da wannan. Ya ce a irina yake wuni. Ya rubuta magani, ya ce in bar komai da komai, sabulu marar ƙamshi da man da ba a sa masa turare ba sun ishe ni, mafi arha ma ya yi. Abu ɗaya ya ce kada in yi wa rowa: man kariya daga rana, na gaske, daga babban kantin magani, ba na tire ba. Ya ce zan yi duhu fiye da da kafin in dawo daidai, kuma ba ya alkawarin kafin Oktoba.

Wato na juya dokar tawa kai a ƙasa. Man da zai kwana a jikina na 'yan canji ne, wanda zan wanke da yamma shi ne ya cinye sauran albashin. Ɗan mitsitsi da shi kamar man goge baki.

Alhamis, 11 ga Satumba

Na yi baƙi, baƙi mai dabbare-dabbare. Mai gadi ya koma kallon sama. Wallahi hankalina ya fi kwanciya da hakan.

Umma ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi min sauƙi. Ta aika an sayo man kaɗanya ta ajiye min a bakin taga, ta ce, "Na ƙafa da hannu ne, ban ce ki kai shi fuska ba, kada likitanku ya ce na yi shisshigi."

An sallami matar nan mai ɗinki. Mijinta ya zo ɗaukarta da leda a hannu, na hango murfin kwalba a ciki. Ban iya yi musu sallama ba.

Alhamis, 18 ga Satumba

An kawo ankon biki, ta hannun ƙanwarta Basira ta aiko. Na jefa shi saman sif. Ko in je ko kada in je.

Talata, 23 ga Satumba

Basira ba ta zo aiki ba tun ranar Juma'a. An ce zazzaɓi. Ba ruwana.

Laraba, 24 ga Satumba

Mamarta ta kira ni. Ba zazzaɓi ba ne.

Na same ta a ɗaki an saki labule, ta rufa da mayafi har ka. Anti Jummai ce ta ba ta wani wai haɗin amare, wanda ake shafawa a naɗe jiki da leda. Ta yaye mayafin. Wuyanta da ƙirjinta sun saɓule, wani wurin ja, wani wurin yana tsattsafo da ruwa, zanin gadon ya manne mata a baya. Ƙarƙashin idanunta ya yi shuɗi-shuɗi. Kuma ƙarnin nan. Shi dai, na matar ɗakinmu.

Ta ce, "Faɗi abin da kika zo faɗa."

Na zo da magana cike da baki, tun a hanya nake jera ta. Na ce a kawo min ruwan ɗumi da gishiri da tsumma mai tsabta. Kafin in raba ta da zanin nan ta cije hannunta har ya yi shaida. Ashe tun farko ta kira Anti Jummai, wai cewa ta yi dattin fata ne yake fita, ta ƙara shafawa. Daga nan wayar ta daina shiga.

Ta ce, "Ibrahim bai gani ba. Bai taɓa sanina da wata kala ba, Zulaihat."

Ban lallashe ta ba. Na ce gobe da sassafe ta shirya.

Alhamis, 25 ga Satumba

Layin asibitin fata kuma. Ni na riƙe mata jaka. Dakta Ashiru ya dube ta, ya dube ni, ya jawo takarda kawai.

Na sa ta rubuta wa duk wadda ta taɓa saya a hannunta saƙo, ina tsaye a kanta. Wasu sun zage ta. Sun yi daidai.

Asabar, 4 ga Oktoba

Saura mako guda. Raunin ya fara bushewa, kalar kuwa sai a hankali. Ibrahim ya zo ya gan ta ranar Laraba, ya tambaya ko akwai zafi. Ba a ɗaga bikin ba. Abin da zai biyo baya Allah ne masani.

Na janye sunana daga wurin mai kwalliyar ƙawaye, ta yi ta mita kafin ta dawo min da kuɗina. Da su na sayo wa Basira man kariya daga rana irin nawa, don kayan kicin sun cinye nata kuma na san halinta, na tire za ta saya. Ni kwalli da ɗan jan baki sun ishe ni, duk mai son kallon tabo a hoto ya kalla. Na kai ankon wurin tela.

Ba wai na huce ba ne. Har yanzu in na tuna yadda ta kalli titi a cikin adaidaitan nan raina ɓaci yake. Kawai dai ba wanda ya iya wanke mata ciwon yadda ya kamata.

Gobe ma zan biya gidan su Basira bayan aiki. Na ce wa Umma ai a kan hanyata gidan yake. Ta dube ni, mu duka mun san ba haka ba ne.