Hannun Yayanka da Sigarin Lantarki

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da amarya. Mu nan alhamdu lillahi. Inna tana nan da ciwon gwiwarta, amma ta fara takawa har bakin ƙofa, yara kuma sun koma makaranta. Sai dai akwai maganar da yayanka ya ce kada a faɗa maka, ni kuwa na ga ɓoye ta ba alheri ba ne, domin ta shafe ka.

Ka san yadda muka sha fama da shi a kan taba, har likita ya ce ƙirjinsa ba zai ƙara ɗauka ba. Da ka aiko masa da sigarin lantarkin nan ya karɓa da gaske, ya daina sayen kara, tarin safe ma ya ragu. To, cajar da ta zo da shi ta ɓace a shago cikin ƙyallaye, sai ya koma sa shi a jikin kwamfutar da ke sarrafa injin surfani. Ramin jona igiya ɗaya ya rage mata, ya sayo ɗan abin nan mai baki da yawa, ya jona waya, ya jona ƙaramar fanka, ya jona sigarin, kuma yana zuƙa alhali yana kan caji. Kwamfutar ta yi ta nuna gargaɗi, shi kuwa yana kawar da shi don aiki ya yi masa yawa. Wata rana ramin ya mutu gaba ɗaya, injin ma ya ƙi amsawa.

Maimakon ya tsaya nan, sai ya ari wata ƙatuwar caja a wurin maƙwabcinsa mai sayar da takalma, da wata tsohuwar igiya da ta fara tsagewa. Ya sa shi, ya ajiye a kan tarin yadin mutane, ya juya yana yanka. Ya ce ƙauri ya fara ji, kafin ya waiwaya abin ya kumbura yana huci, wuta ta kama yadin sama. Bai yi tunani ba, ya kai hannun dama ya damƙe shi ya jefa waje. Allah ya tsare shagon, amma tafin hannunsa da yatsu uku sun ƙone sosai. Da na isa asibiti na tarar da shi zaune ya riƙe gwiwar hannun, yana tambayata ko an kashe wutar guga.

Mai gyaran da ya duba kwamfutar ya yi mini bayani, ni ma ina so ka ji, tunda na san kana da irinsa a aljihu, kada ka ce mini a'a. Ya ce wutar da ramin kwamfuta ke bayarwa 'yar kaɗan ce, an yi shi ne don ƙananan abubuwa, in aka tara masa kaya ko ana zuƙa ana caji, ana neman abin da ya fi ƙarfinsa, ko dai ya yanke wutar ko ya lalace. Ya ce kuma ba kowace caja ce ta dace da kowane batir ba, a nemi wadda aka rubuta a jikin kwalinsa, a bar igiyar da ta tsage. A ɗora shi a kan tebur ko siminti, ba a kan katifa ko tufafi ba, a zauna kusa, in ya cika a cire, in ya yi zafi ko ya kumbura kuma a rabu da shi.

Ba don in ɗora maka laifi na rubuto ba, Auta, da zuciya ɗaya ka aiko, kowa ya sani. Abin da ke damuna shi ne yayanka. Kunyarka yake ji, yana cewa ka yi masa gata ya watsa maka ƙasa a ido. Yanzu ba sigarin, ba aiki, yana zaune a tsakar gida yana kallon hannunsa, kuma mai tireda yana nan a bakin layi da kwalayen tabarsa. Har yau bai je ba. Jiya ya miƙe ya sa takalmi, na ɗauka wurin mai tiredar za shi, sai na ga ya kai ƙofa ya tsaya ya daɗe, ya dawo ya ce in ba shi ruwa. Likita ya ce yatsun za su lanƙwasu in an yi haƙuri, amma ba yatsun nake tsoro ba. Ka kira shi. Kada ka jira ya fara, ba zai fara ba, kuma in ya yi mini faɗa na ɗauka.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci. Goggo da Kawu suna gaisuwa, haka yara duka. Ka gaida amarya da kyau. Allah ya tsare ku, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka,
Matar yayanka