Jawabin Godiya Ranar da Baba Ya Rasu

Yaya,

Bayan gaisuwa, ya ƙarin haƙurinmu? Ya Inna da yara? Allah Ya jiƙan Baba.

Ni lafiya lau. Ina cin abinci, ina zuwa aji, kada Inna ta damu.

Kin tambayi abin da nake yi ranar da kika kira. Duk shekara ana tara mu 'yan tallafin karatu mu gode wa masu ɗaukar nauyinmu. Wata mata a ofishin tallafin ce ke koya mana kalmomin Turancin da suke son ji, masu nufin hazaƙa da bincike da kyakkyawar makoma. Ranar ina bakin ƙofar zauren taron kika ce Baba ya rasu. Sai aka kira sunana. Na shiga na yi jawabin ba gargada, aka tafa. Wani dattijo ya ce lallai mahaifina yana alfahari da ni. Na ce haka ne, na gode.

Zuwa gida ba zai yiwu yanzu ba. Wanda ya bar aji a tsakiyar zango ya rasa tallafinsa.

Kin tuna yadda Baba ke sa ni in faɗa masa kalmomin nan a waya, yana maimaitawa bai san ma'anarsu ba? Jiya na koyi sabuwa, na ɗauko waya, sai na ajiye.

Ki adana min hularsa. Ki ce wa Inna ban yi kuka ba tukuna. In ya zo, zan kira ta.

Ƙanwarki,
Auta