Layin da Ya Raba Ni da Wuƙar Yanka

Zuwa ga Shugaban sashen kula da takardun sallamar tsofaffin sojoji,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina miƙa gaisuwa irin ta ƙaramin soja ga babbansa, da fatan kai da iyalinka da masu aiki a ƙarƙashinka kuna cikin ƙoshin lafiya.

Sunana Kofur Sahabi Altine mai ritaya, mazaunin Ƙofar Kware a birnin Sakkwato. Mahaifina mahauci ne, kakana ma haka, da wuƙa na tashi a hannu tun kafin in san yadda ake saɓa bindiga. Na rubuta wa ofishinka, ban ji ko uffan ba. Na ja gurguwar ƙafata na je da kaina, aka ce in dawo, na dawo aka ce mai riƙe da fayil ɗina ya tafi kwas. Abin da ya sa na fito fili ke nan, kuma ina roƙon kada a ɗauka rashin ladabi ne. Kukana a kan layi ɗaya ne cikin takardar sallamata, inda aka rubuta cewa taɓin hankali ne ya raba ni da aiki. Ranka ya daɗe, cinyata ce ta karye. Hankalina yana nan inda Allah ya ajiye shi.

Na farko, bari in faɗi inda layin nan ya samo asali. Motarmu ta taka nakiya a daji, abokan aikina biyu suka cika nan take, ni kuma aka kwaso ni zuwa asibitin bariki. Ina kwance a nan ƙanena ya bugo waya ya ce ɗana na fari ya rasu, zazzaɓi ne, har an kai shi makwancinsa. Yaron ko makaranta ba a kai ga sa shi ba. A cikin makon aka turo likitan da ke duba ƙwaƙwalwar waɗanda bam ya taɓa. Hafsan soja ne mai fara'a, daga wani yanki na ƙasar nan, ba ya jin Hausa, ni kuma Turancina na bariki ne. Ya tambaye ni sunana da lambata da garinmu, na ba shi amsa tiryan-tiryan. Sai ya ce an gaya masa na yi rashi, in faɗa masa sunan yaron. Na sunkuyar da kai na ce yaron wajena ne. Ya sake tambaya, na yi shiru. Ya ce in dube shi cikin ido, na kasa, domin ban saba zura wa na gaba da ni ido ba. Ya tambayi abin da nake ji a zuciyata, na ce Allah ne ya ba mu kuma ya karɓi abinsa, har na ɗan yi murmushin da mutum kan yi idan an matsa masa a kan abin da yake jin nauyinsa. Na ga alƙalaminsa yana ta gudu a kan takarda, wallahi na ɗauka yabon haƙurina yake rubutawa.

Ranka ya daɗe, a wajenmu namiji ba ya kiran sunan ɗansa na fari. Ba ya saɓa shi a kafaɗa a gaban jama'a, idan ya rasu ba ya kukansa a gaban baƙo. Mahaifina har ya koma ga Allah ban taɓa jin sunan yayana a bakinsa ba. Balle wannan yaro da sunan mahaifin nawa aka mayar masa, nauyin ya zama biyu. Da likitan ya leƙa baranda ya tambayi kowane Basakkwace, ko mai shara ne, da ya ji bayani. Abin da aka rubuta a kaina shi ne na mance sunan ɗana kuma mutuwarsa ba ta dame ni ba. Wannan ya fi nakiyar yi mini ciwo. Na yi kukan yaron nan har haƙarƙarina ya yi tsami, amma fuskata a bango take, bargo kuma a kaina.

Na biyu, abin da layin ya jawo mini. Da aka sallame ni na koma kwata, inda ake yanka dabbobin da gari ke ci, na nemi gurbin mahaifina cikin masu yanka. Sarkin Fawa ya yi murna, ya ce sai dai in kawo takardar sallama a gani, don a tabbatar ba gudowa na yi daga aiki ba. Na kai ta da alfahari, domin ban taɓa zama na bi ta layi-layi ba. Sakataren mahauta ya karanta a gaban dattawa yana fassarawa, da ya iso wurin sai ya tsaya, ya dube ni, sannan ya ƙarasa da ƙaramar murya. Limamin kwata, wanda ya san ni tun ina yawo ba wando, ya ce shi bai ga komai a tare da ni ba, sahu ɗaya muke salla. Amma sharaɗin mai yanka ya zama Musulmi mai hankali, yankan wanda ba shi da hankali mushe ne, kuma ba zai iya ture rubutun likita ya ciyar da gari a kan shakka ba. Ban ga laifinsa ba, ni ma da ni ne a kujerarsa abin da zan ce ke nan.

Tun daga ranar aikina fiɗa da wankin kayan ciki. Ni da nake kayar da bijimi tun gemuna bai fito ba, yau sai in tsaya gefe wani ya yi bisimilla ya yanka, sannan a ce mini bisimilla Kofur, ga fata. Magana kuma ba ta tsaya a kwata ba. Gidajen da suka saba kiran gidanmu yankan suna da na layya, daga unguwarmu har Ƙofar Rini, duk suka janye a hankali, ba wanda ya ce mini ci kanka. Layyar farko bayan dawowata na yanka ragona da hannuna, na raba wa maƙwabta kamar yadda aka saba. Aka karɓa da godiya. Daga baya na ji wasu sun zubar a bayan gida. Da wata Sallar ta zagayo, ni da kaina na kira maƙwabcina ya yanka mini, na durƙusa na riƙe masa ƙafafun ragon da na yi kiwo.

Na uku, abin da ba na musu a kansa. Barcina ba kamar da ba ne, kuma idan taya ta fashe a titi gabana kan faɗi. Ina da abokan aiki da yaƙi ya taɓa wa ƙwaƙwalwa da gaske, bayin Allah ne da suka cancanci magani da girmamawa, ba na gudun a haɗa sunana da nasu. Amma a rubuta wa kowa ciwonsa. Nawa yana cinya, hoton ƙashin yana nan a asibitin da aka yi mini aiki.

Saboda haka ina roƙon abu uku. A sa likitoci su sake duba ni, a cikinsu a samu wanda ya san al'adarmu ko a nemo mai yi musu bayani. Idan sun same ni lafiya, a goge layin a rubuta dalilin gaskiya, a kuma ba ni shaida da hatimin ofis wadda zan kai wa Sarkin Fawa da liman. Sannan a faɗakar da masu duba sojojinmu cewa shirun ɗan ƙasar nan yana da ma'ana, su riƙa tambaya kafin su rubuta. Idan kuwa aka duba aka ce lallai hankalina ya taɓu, na rantse da Allah zan ajiye wuƙa da kaina, domin ba zan ciyar da Musulmi mushe ba.

Abin da ya sa nake gaggawa shi ne mahaifiyata. Ta tsufa ƙwarai, haƙoranta sun zube, nama ba ya taunuwa a bakinta. Duk da haka kowace Juma'a sai ta sa an kamo kaza cikin nata, ta ce ni zan yanka. Idan an dafa sai ta sa a fitar mata da tabarma zaure, inda mai wucewa zai gani, ta zauna tana mamular tsoka da dasashi. Wata rana ƙanwarta ta ce ta bar wahalar da kanta, sai ta ce: "Ni nih haihe shi, na san hankalinai." Ranka ya daɗe, a duk faɗin Sakkwato, in ka fita daga ɗakina, ita kaɗai ta rage mai cin yankana, kuma tun damina ba ta iya tashi sai an ɗaga ta. Ina so gyaran nan ya same ta da rai, ta huta da cin naman da ba ta iya taunawa.

Allah ya ja zamaninka, ya sa ka gama aiki lafiya, ya kuma sa abin da za a rubuta a kanka ranar da ka ajiye kaki ya zama gaskiya. Allah ya jiƙan waɗanda muka baro a daji.

Wassalam.

Kofur Sahabi Altine mai ritaya,
Ƙofar Kware, Sakkwato.