In Ba Su Takardun Matata, Ko In Ƙona?

Goggo, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Ni mai sayar da magani ne, ina da ɗan kanti a bakin titi. Matata ta rasu wata huɗu da suka wuce, bayan jinyar kwana goma sha ɗaya. Shekararmu goma sha shida tare, 'ya'yanmu uku.

Malama ce a jami'a. Ta shekara biyar tana bincike a kan yadda Yahudawa da Kiristoci da Musulmi suke kula da marar lafiya, abin da littattafansu suka ce da abin da mutane ke yi a zahiri. Su uku ne a aikin: ita, da abokiyar aikinta Kirista da suke ofis ɗaya, da wani dattijon farfesa Bayahude a wata jami'a mai nisa. Takan yini tana bin asibitoci da 'yar na'urar ɗaukar murya, ta dawo ƙafafu a kumbure, ta baje takardu a teburin cin abinci har mu rasa inda za mu ajiye kwano.

Ga laifina. Ban taɓa hana ta ba, amma ban taɓa sauraronta ba. Da ta fara ba ni labari sai in ce to, Malama mai alƙibla uku, a bar mu mu ci abinci. Wallahi wasa nake. Da farko takan yi dariya. Wata rana na faɗa a gaban 'yan'uwanta, kowa ya kwashe da dariya, ban da ita. Tun daga ranar ta kwashe takardunta ta mayar ɗaki, ba ta ƙara yi mini zancen ba. Ni kuwa na ɗauka na huta. Matar da ko a gadon asibiti sai da ta sa aka juya ta gabas ta yi sallah, ita na yi wa wannan.

Makon jiya abokiyar aikin nata ta zo kanti. Ita ce take yini da mu a asibiti kullum, tana jiƙa tawul tana goge mata goshi. Ta ce saura babi biyu, suna so su ƙarasa littafin, sunan matata a gaba, in na yarda na ba su kwalin takardunta. Ta miƙo mini wasiƙar ta'aziyya daga farfesan, shafi biyu da rubutun hannu. Goggo, mutumin da sau ɗaya ya taɓa ganinta ido da ido ya san tunaninta fiye da ni mijinta. Na shige bayan kantar magani na yi kuka kamar yaro, masu sayen magani na ta sallama.

Yayan matata kuma ya ce a ƙona takardun. Ya ce tun tana da rai ake surutu a kan aikin, kada mu bar mata abin da zai zame mata nauyi a kabari. Ba mugu ba ne, shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya kai ta makaranta. Mahaifiyarta ba ta cewa komai sai hawaye.

Sau ɗaya na buɗe kwalin, na ga rubutunta, na rufe. In na bayar zan ɓata da dangin 'ya'yana. In na ƙona, na sake rufe mata baki ke nan, yanzu da ba ta iya kare kanta. Yaya zan yi?

Mai kanti a bakin titi

Ɗana, Allah ya jiƙanta, ya ba ka haƙuri da kai da yaran.

Kada ka ƙona. Duk wani hukunci yana da gyara, ban da na wuta. Amma kada ka miƙa kwalin gobe. Kai da yayanta kuna jayayya a kan abin da babu wanda ya karanta a cikinku. Kowace safiya kafin ka buɗe kanti, karanta shafi biyar. Zai yi zafi, ka daure.

Yayanta ƙauna ce ke sa shi tsoro, don haka kada ka tunkare shi da gardama. Ku nemi malamin da ku biyu kuka yarda da iliminsa, ya duba rubutun a gabanku. A nawa sanin, fahimtar yadda maƙwabci ke jinyar mahaifinsa ba barin addini ba ne. In malamin ya ga wurin da ke buƙatar gyara, a gyara. Sannan ka ba abokan aikinta kwafi, ka riƙe na asali don 'ya'yanka, ku rubuta cewa za ka ga littafin kafin a buga. Wadda ta goge wa matarka goshi ba za ta ƙi wannan ba.

Batun wasan nan, ba zan yi maka ƙarya ba, ya yi mata ciwo. Sai dai zaman shekara goma sha shida ba a auna shi da kalma ɗaya. Ka nemi gafarar Allah, ka yawaita yi mata addu'a. Kuma tunda a gaban 'yan'uwanta ka faɗa, a gabansu za ka ce ka yi kuskure. Wannan kaɗai zai iya sassauta zuciyar yayanta.

Kafin duk wannan, je ka gaida mahaifiyarta kai kaɗai, ka tambaye ta abin da take so a yi da aikin 'yarta. Ka zauna, kada ka yi gaggawa, har sai ta yi magana.

Allah ya haskaka kabarinta, ya raya abin da ta bari, ya sanyaya maka zuciya.

Goggo