Randar Tsimin da Duba-gari Ya Fasa Mini

Zuwa ga mai girma Wakilin ƙasar Katagum a Majalisar Kaduna,

Gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyarka da ta iyali. Bayan haka, ranka ya daɗe, ni ne Malam Buba mai tsimi na Azare. Ka san ni, ko da yake tun da ka sami mota ka rage duban gefen hanya.

Na farko, ga abin da ya faru. Ranar Talatar da ta bi Sallar Layya, da hantsi, sabon duba-gari, wani baƙo ɗan takarda, ya shigo gidana da gajeren wando da ludayin ƙarfe. Bai yi sallama ba. Ya wuce ni a zaure kamar turmi, ya shige wurin iyali, inda ƙanena ma sai ya yi gyaran murya. Ya buɗe randar tsimi, ya ce ya ga 'ya'yan sauro. Ya tuntsurar da ita, ya bi ta da dutse.

Na biyu, ka san wace randa ce. Mahaifina ya ɗauko ta a ka daga Katagum lokacin da sarauta ta dawo Azare. Ba a taɓa bari ta ƙare ba. A ɗiba, a ƙara ruwa da saiwa, tsohon ruwa ya koya wa sabo aiki. Saiwoyin ina da su, ruwan farkon ne ba a sayarwa a kasuwa, kuma ƙasa ta shanye shi ina kallo. Da ciwon shawara ya mayar da idonka kamar ƙwaiduwa kana ɗan shekara bakwai, a cikinta aka ɗebo maka. Sauron bai hana ka zama Wakili ba.

Na uku, lokacin neman ƙuri'a ka zauna a zaurena, ka sha ludayi guda, ka ce in jam'iyyarmu ta hau, ƙasa za ta koma hannun masu ita, baƙo ba zai taka mutuncin magidanci ba, ɗan takarda ba zai koya wa dattijo zaman gidansa ba. Na gaskata. Na bi magidantan unguwa ɗaya ɗaya, har masu zuwa shan magani daga Giade da Udubo na sa sun yi maka alkawari. Ba asibiti muka roƙa ba, ba kwalta ba. Cewa muka yi a bar mu yadda aka same mu, kuma wanda ya taɓa mu a taɓa shi.

To ga buƙatuna. A tuɓe wa mutumin nan kakinsa a bainar jama'a. Kafin a sallame shi, ranar kasuwa, ya ɗauko sabuwar randa a ka daga wurin maginan tukwane har zaurena, yana sallama a kowace ƙofa, ya koyi abin da makarantar tsafta ta manta. Sannan a ba ɗan ƙasa aikin, wanda muka san kakansa, mai jin kunyar matan mutane. Kada a aiko min da ban-haƙuri. Haƙurin ma a randar yake.

Na tsince tsingaronta kaf, na zuba a buhu. Duk wanda ya zo da mai shawara, ina ba shi guda in kwatanta masa ƙofar gidanka. Jiya na ba mutum uku. Buhun kuwa zai kai mu zaɓe mai zuwa, har a sami ragowa.

Allah ya ƙara maka girma, ya tsare ka daga shawara, don yanzu ba ni da abin ba ka.

Wassalam.

Malam Buba mai tsimi, Azare.